Tubanci ta Bayan Zana

Wata uku aka ba Manzo ya koyi Tubanci, amma duk wanda ya san gidansu a Gure ya san ba shi ne ya sha wahalar ba. Matarsa Habsu ce ta sha.

Ga yadda abin ya faro. A shekarar 1975, bayan babban farin da ya share garken mutane, ma'aikatar dabbobi ta buɗe wurin allura a rijiyoyin arewa, inda Tubawa ke shayar da abin da ya rage musu na raƙuma. Manzo likitan dabbobi ne, ɗan Damagaram, shekararsa bakwai a Gure. Wata safiya shugabansu, wanda kowa ke kira Shef, ya kira shi tare da abokin aikinsa Abarshi, ya faɗa musu magana ba kwana-kwana. An rage ma'aikata. Mutum ɗaya Gure za ta riƙe a cikin su biyu, shi ne zai riƙa zuwa rijiyoyin yana dawowa gida, kuma dole ya iya magana da makiyaya ba tafinta. Ɗayan kuwa takardarsa na nan a rubuce, suna kawai ya rage a sa: Tilaberi, can bakin kogi, a ɗaya ƙarshen ƙasar. Bayan wata uku za a kawo wani dattijon Tubawa ya zauna da kowannensu, wanda ya fi iya bakin shi ne zai tsaya.

Manzo ya dawo gida yana murmushi, don shi yana da takarda. A farkon shekarar wani Nasara ya zo daga Yamai da akwatin ɗaukar magana, ya tara ma'aikata goma sha bakwai a Damagaram, wai zai gano waɗanda kansu ke saurin ɗaukar baƙon harshe. Ya kunna musu kalmomin da babu su a bakin kowace al'umma, ya ce su maimaita. Ya ba su sunaye talatin su haddace kafin shayi ya huce. Ya tambayi shekarun kowa, da harsuna nawa yake ji, da ko yana iya bin waƙa ba ya kaucewa. Manzo ya zo na ɗaya. Abarshi ya zo na goma sha huɗu, shi ma an ce don mutum uku sun yi gyangyaɗi ne. Manzo ya sa takardar a gilashi ya rataye ta a ɗaka.

"Kunne, hadda, ƙuruciya, da yawan harsuna," ya ce wa Habsu yana lanƙwasa yatsu. "Abu huɗu ke nan. Nasara ya ce wanda ya haɗa su, harshe ba shi gagarar shi. Ni kuwa ga Hausa, ga Faransanci, ga Barbarci, ga Larabcin allo. Abarshi fa? Ko Faransancin nashi sai an tallafa mishi."

Habsu ba ta yi dariya ba, don ta san abin da Tilaberi ke nufi a gare ta. Gidan da suke ciki na marigayi mahaifinta ne. An raba tsakar gidan da zana: ɓangare ɗaya ita da mijinta da jaririyarsu, ɗaya ɓangaren kuma mahaifiyarta Yakura, tsohuwa mai shekara kusan saba'in, wadda ta haifi takwas ta binne bakwai. Habsu ce auta, ita ce kuma ta rage. Da ta kai mata labarin, tsohuwa ko kai ba ta ɗaga daga tsinkar zogale ba.

"Ku sai ku tafi," in ji ta. "Ni iyakata Kelle, inda ƙanena yake. Da tsufana ba ni zuwa in mutu cikin mutanen da ba na jin bakinsu."

Ke nan in Manzo ya faɗi, Habsu ko dai ta bi miji ta bar uwa ita kaɗai, ko ta zauna da uwa ta bar miji ya tafi. Tun daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi.

Abarshi bai ɓata lokaci ba. Ya ɗauki hutu, ya naɗe tabarma, ya sayi shayi da sukari, ya hau kamyo, babbar motar kaya, ya nufi rijiyoyin. Manzo ya ce ya tafi kiwon ƙwarƙwata ne. Shi kuwa ya sayi littattafan rubutu uku da alƙaluman bik ja da shuɗi, ya ja layuka tsaf, ranar kasuwa ya nufi karar raƙuma. Tubawa suka ga ma'aikacin gwamnati ya tsaya kusa da dabbobinsu da alƙalami a hannu yana tambayar yaya ake ce wa wannan, yaya ake ce wa wancan. Suka ja rawani suka rufe baki, suka kora raƙumansu gaba, don a saninsu mutum ba ya rubutu kusa da dabba sai da wata manufa. Daga nan ya samo wani gardi da ya rantse ya iya Tubanci kamar a can aka yanke masa cibiya. Sati biyu gardi yana zuwa daidai lokacin da Habsu ke kwashe tuwo, kafin a gane iyakar saninsa gaisuwa ce da zagi huɗu. Wata guda ya tafi a haka.

Ran nan Habsu ta faɗi abin da duk unguwa ta sani. "Malam, ai Inna ta iya."

Ta iya kuwa. Tun Habsu na yarinya take jin uwarta na ciniki da matan Tubawa masu kawo cuku da man shanu, su yi ta hira har su manta da kasuwa. Amma ba ta taɓa koya wa 'yarta ko kalma ɗaya ba, in kuma aka tambaye ta inda ta koya sai ta ce, "A hanya," ta kama wani zance.

Manzo ya dube ta kamar ta ce ya fita kasuwa ba wando. "Inna? Ni in zauna gaban Inna ina buɗe baki ina rufewa? Kin san mi kike faɗi kuwa?"

Shekara bakwai yana auren Habsu, shi da surukarsa ba su taɓa wuce gaisuwa ba, ita ma daga nesa, a durƙushe, takalmi a cire, ido a ƙasa. Ƙofa ta daban ya fasa a katanga don kada su yi karo. In ya hango ta a hanya sai ya faɗa lungun da ya fi kusa, har ya taɓa faɗawa gidan mutanen da bai sani ba, ya tsaya gaisawa da su ba dalili. Ba gaba ba ce, kunya ce ta surukuta, kuma duk garin ana yaba musu. Habsu ma da tana alfahari da abin.

Aka yi shawara, aka samo dabarar da ta yi wa kowa daɗi ban da mutum ɗaya. Manzo zai zauna a tabarmarsa da la'asar, ya faɗi abin da yake so. Habsu ta zagaya ta gaya wa Inna. Inna ta faɗa da Tubanci. Habsu ta ɗauko ta kawo. Daga tabarmar Manzo zuwa zana taki huɗu ne, daga zana zuwa inda Yakura ke zama taki uku. Amma mashigar tana can ƙarshen tsakar gida, wajen madafa, don haka kowace kalma sai ta ci wa Habsu taki arba'in zuwa, arba'in dawowa, da goyo a baya.

"Ki tambayo min yadda ake cewa akuya."

Ta je.

"Inna, wai yaya ake cewa akuya?"

"Wace akuyar? Mai ciki, ko mai shayarwa, ko wadda ba ta taɓa haihuwa ba?"

Ta dawo. "Wai wace akuyar?"

"Akuya dai! Akuya kawai!"

Ta koma. "Wai akuya kawai."

"Ki ce mishi ba wanda ya taɓa kiwon akuya kawai."

Abin da ya fi ƙona wa Habsu rai shi ne, su biyun suna jin juna sarai. Zana ce fa, ba katangar siminti ba. Manzo zai maimaita kalma da ƙarfi yana rubutawa, kafin Habsu ta kai mashiga sai ta tarar tsohuwa ta riga ta tsuke baki tana cewa, "Ki koma ki ce mishi ba haka ba ne." Wata rana Yakura ta yi atishawa, Manzo ya ce wa Habsu ta je ta ce sannu. Ta je kuwa, don in ba ta je ba za a ce ba ta da tarbiyya.

Kalma kuma ba ƙwarya ba ce da za a ɗora a ka. A hanya jaririya za ta tsala kuka, ko maƙwabciya ta leƙo aron rariya, ko kaza ta faɗa cikin tsaki, kafin Habsu ta kai wurin Manzo rabin kalmar ya zube. Sai ta koma. Don gudun komawar ta fara riƙe kowace magana a baki tana nanatawa, tana tafe tana motsa leɓe kamar mai lazimi. Ta nanata a bakin murhu, ta nanata a kan turmi. Wata safiya ta daka wa kazar tsawa, sai da kaza ta gudu sannan ta lura ba da Hausa ta yi tsawar ba. Ba ta ba abin muhimmanci ba, tana da abin da ya fi wannan damunta.

Manzo kuwa bakin rai bakin fama. Littafi na ɗaya ya cika, na biyu ya cika. Kalma ɗari shida ya haddace, kana iya tsayar da shi a hanya ya zubo maka su daga farko zuwa ƙarshe ko daga ƙarshe zuwa farko. Sai ran da wata Batubiya mai cuku ta yi sallama a ƙofarsa, ta gaishe shi, ta ƙara da wata tambaya gajeriya. Manzo ya buɗe baki, ya rufe, ya ce mata da Hausa ta dakata, ya shiga ɗaka neman littafi. Kafin ya gano shafin, mata ta kai gida na uku.

"Da sauri take magana," ya ce. "Ba ta bin ƙa'ida."

"Cewa ta yi ko matar gidan na nan," in ji Habsu.

"Ke ina kika sani?"

"Na dai ji."

Da ta ba uwarta labarin, Yakura ta ce, "Ki tambaye shi, ran da dattijon zai zo, takardar gilashin ce za ta yi magana ko shi?" Wannan saƙon dai Habsu ba ta kai ba.

Saura kwana goma a yi gwajin, abin ya kai wa Habsu iya wuya. Ranar da zafi, jaririya na haƙori, miyar kuka na kan wuta. Manzo ya dawo daga aiki ya tuɓe riga da hula, ya zauna daga shi sai singileti, da kwanon dambu a gabansa, yana ci yana aike. So yake a ce masa da Tubanci, raƙumin nan kwana nawa ke nan bai ci ba. Habsu ta je. Inna ta ce wane raƙumi, amale ko ɗan shekara uku. Ta dawo. Manzo ya ce kowanne. Ta koma. Inna ta ce in kowanne ne to kowace magana ma ya faɗa. Ta dawo. Manzo ya ce to amale. Ta koma. Inna ta ce a rijiya ake tambayar ko a kasuwa, don ba a tambayar mutum ciwon dabbarsa a gaban masu saye. A zuwa na bakwai Habsu ta ji ƙaurin miya.

Ta tsaya a tsakiyar gida. Ta dubi hayaƙin da ke fitowa daga madafa, ta dubi zana. Ga muryar mijinta a dama yana cewa ta yi sauri, ga ta uwarta a hagu tana cewa yaran yanzu ba su riƙe magana. Mutum biyu, taki bakwai tsakaninsu, za su raba ta da ɗayansu saboda ciyawar da aka saƙa aka ɗaure da igiya. Ba ta yi shawara da kowa ba, har da kanta. Ta kama zanar da hannu biyu ta fizga. Dirkokin da ma gara ta ci su, sai ga zana a ƙasa gaba ɗaya, ƙura ta tashi.

"Ga ta, ga shi!" ta ce da ƙarfi. "Ku yi magana, don Allah don Annabi!"

Ƙura ta lafa. Ga Manzo da singileti, kai ba hula, baki cike da dambu. Ga Yakura ba ɗankwali, furfura a tsefe, ƙafafu a miƙe cikin lalle. Suka haɗa ido, karo na farko cikin shekara bakwai. Manzo ya kifa littafi a ka ya shige ɗaka a guje, ya tuntsurar da kwano. Tsohuwa ta rarumi faifai ta rufe fuska, ta ja jiki da baya har cikin ɗakinta, lalle na ɓata ƙasa. Aka bar Habsu ita kaɗai da zana a ƙasa da miya a ƙone.

Washegari bayan sallar asuba Manzo ya kafa sababbin dirkoki ya ɗaga zana. Da Habsu ta zagaya gaida uwarta, sai ta tarar da adudu a ɗaure, tabarma a naɗe, tsohuwa ta yi lulluɓi tana zaune a kai. Ranar akwai kamyon da ke tashi zuwa Kelle da hantsi.

"Inna, ki yi haƙuri. Inna, laifina ne. Zuciya ce."

Yakura ta kalli bango. "Ki ce ma wadda ta tsiraita ni gaban surukina, ban da sauran zama gidan nan."

Habsu ta ji kamar ta kurma ihu. Yanzu kuma ita ce za a aika wurin kanta. Ta durƙusa, ta yi kuka, ta haɗa ta da Allah da darajar marigayi, tsohuwa ko gezau. Tsoro ya kama ta sosai: abin da take gudu ya faru nan da kwana tara, ga shi ta jawo shi da hannunta yau. Ta zagaya wurin Manzo, ta same shi tsaye da babbar riga da hula har kunne, kamar mai shirin zuwa ɗaurin aure.

"Malam, Inna za ta tafi. Kai kaɗai za ka hana."

"To, ki je ki ce mata..."

"Ba ni zuwa," in ji Habsu. Ta zauna a kan turmi. "Wallahi ko taki ɗaya. Ƙafata ta gama aikin gwamnati."

Manzo ya dube ta, ya ga da gaske take. Daga tasha aka ji kamyo ya yi oda ta farko. Ya matsa jikin zana a hankali, ya cire takalmi, ya durƙusa. Ya buɗe baki da Hausa, magana ta ƙi fita. Ya gwada da Barbarci, ita ma ta maƙale, don da waɗannan biyun suruki yake tun ran da aka ɗaura aure, suruki kuwa iyakarsa gaisuwa. Can sai Habsu ta ji wani abu ya fito daga bakinsa, a karye, a gurguje, da Tubancin allurar dabbobi, wanda shi kaɗai yake da shi. In aka juya shi zuwa Hausa, ga yadda ya fito:

"Tsohuwa. Tsaya. Kar tafi. Rijiya nisa, ƙafa ciwo. Ni mugu, ni ci abinci. Garke ɗaya ne. Garke raba, ƙarami mutu."

Kamyo ya yi oda ta biyu.

Sai muryar Yakura ta keto zana, da Tubanci, kai tsaye, ba ɗan aike: "Kai, wa ya koya maka wannan ɓarna? Kana magana kamar mai tauna dabino da ƙwallonsa. Sake faɗi. A hankali. Buɗe bakin."

Ya sake. Ta ce bai yi ba. Ya sake. Ta ce raƙumi ma ya fi shi. Suna kan garke ɗaya ne karo na tara lokacin da kamyon Kelle ya tashi, aka ji rurinsa har ya ɓace. Da rana Habsu ta kai abinci ta tarar an kwance adudu. Ta yi ƙarfin hali ta tambaya ko yanzu kunyar ta ƙare ke nan.

"Wace kunya ta ƙare? Da Hausa aka ɗaura aurenku, da Barbarci aka yi biki. Wannan bakin bai halarta ba, bai san zancen ba. Zana kuma in kika sake taɓa ta sai na karya miki hannu."

Wato da tun watanni biyu da suka wuce ana iya yin haka. Habsu ta fita, don abin da ke bakinta ba na faɗa wa uwa ba ne.

Kwana tara aka yi ana fafatawa ta bayan zana, safe da la'asar. Yakura ta hana littafi. In ta ji ƙarar takarda sai ta yi shiru har sai an rufe. Ta zama makiyayi mai gardama, ta zama mai raƙumin da ya ƙi allura, ta zama tsohon da ba ya ji sosai. Manzo ya sha zagi iri-iri, ya kuma fara mayar da amsa ba tare da ya dubi sama yana lissafi ba. Habsu ta huta da zirga-zirga, ta koma bakin turminta, kunnenta dai na wurinsu.

Ana gobe za a yi gwajin, da la'asar sakaliya, Manzo ya ji bakinsa ya ɗan saki, sai ya jefa tambayar da ba ta cikin darasi. Ya tambayi tsohuwa wa ya koya mata, kuma wata nawa ta yi.

Yakura ta amsa da Tubanci. Da ta fara, muryarta ba ta tashi ba, ba ta kuma yi a hankali don mai koyo ba.

"Shekarata shida. Babbar yunwa ce, wadda ta fi ta bara. Babana ya kai ni wata rijiya can arewa, ya ajiye ni wurin wata mata, ya ce in jira shi, zai je ya dawo kafin rana ta faɗi. Matar ba muguwa ba ce. Amma 'ya'yanta biyar, raƙumarta ɗaya, wanda ya buɗe baki ya ce a ba shi nono shi ake ba. Kwana uku ina kuka da bakin gidanmu, ba wanda ya san me nake cewa. Ran na huɗu na faɗa yadda suke faɗi. Wata ɗaya, ba ka bambanta ni da 'ya'yanta. Kullum la'asar ina zuwa bakin rijiyar in duba hanya. Shekara tara, sannan kawuna ya zo."

"Wata ɗaya!" in ji Manzo, wanda abin da ya kama ke nan, sai nono da rijiya. Murna ta sa ya karkata ya yi wa Habsu magana da Hausa. "Kin ji? Wata ɗaya! Ƙuruciya ke nan da kunne. Da Nasaran nan ya gwada Inna, ita za ta zo ta ɗaya."

Habsu na tsaye da taɓarya a hannu, ta kasa sauke ta cikin turmi. Ita ba kalma uku ta kama ba. Duka ta ji, tun daga shekara shida har zuwa kawu. Shekararta talatin a gaban matar nan, ta san tarinta, ta san irin goron da take so, ba ta taɓa jin wannan ba sai yau, shi ma da bakin wasu, ana faɗa wa wani. Tausayi ya cika ta, haushin mijinta kuma ya zo ya hau kai. Ta juya baya ta ci gaba da daka don kada a ji kukanta.

Washegari Manzo ya tafi da babbar riga, ya dawo kafin azahar da hula a hannu. Tun daga tafiyarsa Habsu ta gane.

"Na yi magana," ya ce. "Wallahi na yi. Dattijon har dariya ya yi, ya ce wa ya koya ma wannan, shina magana kamar kakata, da kalmomin da aka daina faɗi tun ina yaro. Ya ce bakina mai kyau ne, in an ba ni wata shida. Amma ya ce kafin in gama tambayar ciwon, raƙumin ya mutu." Ya zauna a ƙasa, ba kan tabarma ba. "Abarshi kuwa suka yi ta hira kamar 'yan ɗaki ɗaya. Rabin maganarshi kuskure ce, ni ma na ji. Ko a jikinshi, shi da dattijon duka. Shef ya sa sunana. Ƙarshen wata, Tilaberi."

Habsu ta nemi faɗan da ta tanada ta rasa. Ta zauna a ƙofar madafa, jaririya a cinya, tana kallon ƙasa. Wata biyu na zirga-zirga, da miyar da ta ƙone, da tuwon da gardi ya cinye, duk ga inda suka ƙare. Yanzu sai ta zagaya ta gaya wa tsohuwa, wadda ta riga ta ji komai ta bayan zana, sannan ta zaɓi wanda za ta bari.

Ta tashi da ƙyar ta zagaya. Ta tarar da uwarta a tsakar gida, ta fito da kayan ɗakinta gaba ɗaya ta baje: tukwane, ƙore, buhun gero, adudu a buɗe.

"Inna, Kelle kuma? Ki bari mana har mu..."

"Wannan tukunyar ta tsage, ba ta kai Tilaberi," in ji Yakura. "Ki ba maƙwabta. Turmin kuma ki tambaya ko kamyo na ɗauka."

Habsu ta tsaya baki buɗe. "Ba ke kika ce ba ki zuwa inda ba ki jin bakinsu ba?"

"Na ce. Mi suke yi a can?"

"Zabarmanci."

"To. Mutane ne dai ke yin shi."

"Inna!" Muryar Habsu ta fashe, ita kanta ba ta san ko kuka take ko faɗa ba. "Wata uku! Wata uku ba na barci, ba na cin abinci, ƙafata har ta kumbura! Da za ki je, don mi ba ki faɗa ba tun farko?"

Yakura ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta. Ta ɗago ta dubi 'yarta ido cikin ido, ta yi magana da Tubanci, ba ta rage sauri ba, ba ta kuma fassara ba.

"Da farko na ɗauka zan iya zama. An taɓa ce mini in jira, na jira. Ba a ƙarawa."

Ba ta tambaya ko an gane ba. Ta san an gane, kamar yadda ta san wadda ke tsaye a bakin turmi jiya da la'asar. Habsu ta durƙushe a tsakiyar tukwanen, ta kifa kai a gwiwar uwarta, jaririya na mutsu-mutsu a tsakaninsu. Tsohuwa ta bar ta ta yi kukanta, hannunta a kan ɗankwalinta, har ta ga abin zai yi tsawo.

"Ya isa haka nan," ta ce da Hausa. "Tashi ki riƙe min bakin buhun nan."